Lahadi ta Ƙarshe a Janairu: Yadda Ikilisiya Za Ta Tsaya Tare da Masu Fama da Kuturta

A majami'ar da na tashi akwai wata dattijuwa da muke kira Kaka. Kullum a bencin ƙarshe take zama, dab da ƙofa, hannayenta cikin mayafi. Kafin fasto ya gama sa albarkar rufewa ta riga ta fice, don kada a kai ga gaisawa. Sai da na girma na gane cewa ta sha magani ta warke tun kafin a haife ni, yatsun da suka guntule ne kawai suka rage mata. Ba wanda ya taɓa korar ta. Amma kuma ban taɓa jin wani ya ce, "Kaka, matso gaba," ba. Har ta rasu a bakin ƙofar nan take sujada, kuma abin yana damuna har yau.

Lahadi ta ƙarshe a watan Janairu ita ce Ranar Kuturta ta Duniya. Wani Bafaranshe ɗan Katolika mai suna Raoul Follereau ne ya assasa ta a 1954. Na rubuta wannan jagora domin fasto, dattijon ikilisiya, shugabar Zumuntar Mata, shugaban matasa ko malamin makarantar Lahadi da ke son ikilisiyarsu ta yi wani abu a ranar, abin da ba zai ƙare da rabon shinkafa da ɗaukar hoto ba. Shiri yakan so a fara shi tun farkon Disamba, kafin hidimar Kirsimeti ta cinye hankalin kowa.

Mataki na farko: ku fara gyara abin da ku kanku kuka sani

Ku tara mutum biyar ko shida, maza da mata, da matashi aƙalla ɗaya, in da ma'aikacin lafiya a cikinku ya shiga. Zama na farko ba na rabon aiki ba ne. Kowa ya faɗi abin da ya ji tun yana yaro game da kuturta, ba kunya. Za ku ji an ce gado ce. Za ku ji an ce cin kifi da nono ne, ko naman akuya, ko rantsuwar ƙarya, ko sammu, ko alhakin iyaye. Ku bari a fitar da su duka, domin abin da ke zuciyar kwamiti shi ne ke zuciyar jama'a.

Ga gaskiyar lamarin. Ƙwayar cuta ce ke kawo kuturta, dangin wadda ke kawo tarin fuka. Wani likita ɗan ƙasar Norway, Gerhard Armauer Hansen, ya gano ta a 1873, shi ya sa a wasu ƙasashe ake kiran cutar da sunansa. Tana fita ne ta hanci da baki daga mutumin da bai fara shan magani ba, kuma sai an daɗe ana zama kusa da shi, watanni da yawa, kafin a iya ɗauka. Gaisawa da hannu, runguma, ci a kwano ɗaya, zama a benci ɗaya ko a mota ɗaya, duk ba sa kawo ta. Kusan mutum 95 cikin 100 ma jikinsu yana kashe ƙwayar da kansa ko sun haɗu da ita. Tana da nawa ƙwarai: takan yi kamar shekara 5 a jiki kafin ta nuna, wani lokaci har 20. Wannan jinkirin ne ya sa mutane suke kasa haɗa ta da sababinta, sai su ɗora wa abinci ko maƙiyi. Ganin ta a gida ɗaya kuwa ba gado ba ne, zaman tare ne.

Tana warkewa sarai. Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna, wato rifampicin da dapsone da clofazimine, kuma tun 1995 kyauta ake bayar da su a duk duniya. Mai tabo ɗaya zuwa biyar yakan sha na wata 6. Wanda tabonsa ya wuce biyar, ko cutar ta taɓa masa jijiya, wata 12. Da ya fara sha, cikin 'yan kwanaki ya daina yaɗa ta.

Abu guda da nake so kwamiti ya riƙe da kyau shi ne wannan: kuturta ba ta cin yatsu. Jijiyoyin da ke sa mutum ya ji zafi take lalatawa. Mace ta ɗauki tukunya daga murhu ta ƙone ba ta sani ba. Manomi ya taka ƙaya, ya yini yana tafiya a kanta. Ciwon ya ruɓe, ya kai ga ƙashi, yatsa ya riƙa gajercewa. Likita Paul Brand, wanda ya yi aikin mishan a Vellore ta ƙasar Indiya, shi ne ya fito da wannan fili ya nuna wa duniya. Ma'anarsa babba ce: wanda aka gano da wuri ba zai rasa ko farce ba, wanda kuma ya riga ya rasa ji yana iya tsare abin da ya rage masa. Sannan mafi yawan waɗanda muke gani da guntayen yatsu sun daɗe da warkewa. Wanda ke iya yaɗa cutar sau da yawa jikinsa lafiya lau yake a ido, tabo ne kawai a ƙarƙashin riga. Ashe tsoronmu ya sauka a inda bai kamata ba.

Kada wani ya ce ai cutar ta ƙare. Ana samun sababbin masu ita wajen 200,000 a duniya kowace shekara, mafi yawa a Indiya da Brazil da Indonesiya. Najeriya ta kai mizanin da ake kira kawar da cutar a 1998, wato ƙasa da mutum ɗaya cikin 10,000, amma wannan ba ya nufin babu ita. Har yanzu ana gano dubbai a kowace shekara, cikinsu da yara, kuma yaro mai kuturta shaida ne cewa tana yaɗuwa a kusa.

Mataki na biyu: ku nemo mai maganin

Ikilisiya ba asibiti ba ce, kada ta yi ƙoƙarin zama asibiti. A Najeriya kuturta da tarin fuka shiri ɗaya ne ke kula da su a ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya, kuma ƙananan hukumomi suna da jami'in da ke duba wannan aiki. Ku je asibitin da ake ba da maganin tarin fuka kyauta a yankinku, ku tambayi jami'in tarin fuka da kuturta. Ku karɓi lambarsa, ku ji ranakun da yake zama, ku tambaye shi ko akwai magani a hannu. Tambayar nan ta ƙarshe tana da dalili, domin a 2024 an yi dogon yankewar maganin a Najeriya, bai iso ba sai a Maris na 2025. Bai dace a tura talaka tafiyar kuɗin mota ya dawo hannu wofi ba. Ku gayyaci jami'in ya zo ranar, a ba shi minti goma a gaban jama'a.

Ku kuma san manyan cibiyoyin da ke kusa da ku, domin masu gyambo mai zurfi ko masu bukatar tiyata. Akwai cibiyar horarwa ta ƙasa a Saye kusa da Zariya, akwai Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, Amanawa a Sakkwato, Chanchaga a Minna, Bayara a Bauchi, Garkida a Adamawa, Mangu a Filato. 'Yan'uwanmu na Nijar suna da asibitin Danja kusa da Maradi. Ƙungiyar The Leprosy Mission, wadda Wellesley Bailey ya fara a 1874 bayan abin da ya gani a Ambala ta Indiya, tana aiki a jihohi da dama na Najeriya, tana kuma taimakawa da takalma na musamman da ƙafafun roba.

Da yawa daga wuraren nan aikin mishan ne asalinsu. Mishan ɗin 'Yan'uwa, wanda ikilisiyar EYN ta fito daga cikinsa, ya buɗe na Garkida a 1929. Mishan ɗin SIM, uwar ikilisiyar ECWA, ta karɓi na Kano da Katsina da Sakkwato a shekarun 1930 tare da hukumomin gargajiya. Akwai ikilisiyoyin Hausa da tushensu ya fito daga waɗanda suka je neman magani a waɗannan wurare suka dawo gida da bangaskiya. Wasu cikinmu jikokinsu ne, ko an faɗa mana ko an ɓoye.

Mataki na uku: ku je ku zauna, kafin ku kai komai

In akwai unguwar waɗanda cutar ta shafa kusa da ku, ko gidaje ɗaiɗai da jami'in ya sani kuma masu gidan suka amince, ku kai ziyara mutum biyu ko uku, ba ayari ba. Ku fara da shugaban unguwar. A wurare da dama a ƙasar Hausa suna da sarkinsu da tsarinsu, kuma shiga ba tare da an gaishe shi ba raini ne. Ku miƙa hannu ku gaisa. In an shimfiɗa tabarma ku zauna, in an kawo ruwa ku sha. Wanda ya san ba zai iya shan ruwan ba, gara ya zauna a gida ya yi wa masu tafiya addu'a har zuciyarsa ta shirya, domin sun fi kowa gane hannun da ke noƙewa.

Ku tambaya: "Baba, me ya fi damun ku a nan?" Sannan ku yi shiru ku saurara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku da kuka zo da tunanin buhun masara, kuna iya jin cewa rijiya ce ta rushe, ko an hana jikokinsu zama a aji, ko wata yarinya ce aka fasa aurenta don an gano kakanta. Kada ku ɗauki hoton hannu ko ƙafar kowa. In za a ɗauki hoto, na fuska ne, da izini, kuma a gaya wa mutum inda za a nuna shi.

Mafi yawan waɗanda za ku tarar a Arewa Musulmi ne. Ku je da sunanku na Kirista, ba ɓoye-ɓoye, in an yarda ku yi addu'a ku yi. Amma kada taimako ya zama ƙugiya. Yesu ya warkar da mutum goma, ɗaya ne ya dawo, bai kuwa janye warkarwar sauran taran ba. In kun gayyaci limamin unguwa da mai unguwa zuwa taron wayar da kai, saƙon zai shiga gidajen da ƙafarku ba za ta taka ba.

Tun daga wannan ziyara ku sauya bakinku. A daina kiran mutum kuturu ko kuturwa, yana da suna. A ce Malam wane, Mama wance. In dole a ambaci cutar, a ce mai fama da cutar kuturta, ko wanda ya warke daga ita. Ba ma kiran wanda ya yi ƙyanda yana yaro da sunan ƙyanda har tsufansa.

Mataki na huɗu: wa'azin ranar

A nan ne aka fi yin ɓarna ba da niyya ba, don haka zan ɗan daɗe. Mun saba jin wa'azin da ke cewa zunubi kamar kuturta yake, yana farawa kaɗan, yana cin jiki, yana raba mutum da jama'a. Misalin yana da daɗin faɗi a kan bagade. Amma Baba fasto, ka tuna mai yiwuwa a cikin jama'a akwai macen da ta ga tabo a cinyarta wata uku da suka wuce. Abin da za ta ɗauka daga wa'azin shi ne jikinta hoton zunubi ne, sai ta ƙara rufe shi, ta dawo bayan shekara biyu yatsu sun ƙandare. Ina roƙo a ajiye wannan misali, ba ranar kaɗai ba, har abada.

A bayyana wa jama'a cewa kalmar Ibrananci da aka fassara da kuturta a Littafin Firistoci sura 13 da 14 ta haɗa cututtukan fata iri-iri, har da tabon da ke fitowa a tufa da bangon ɗaki. Bango kuwa ba ya kamuwa da ƙwayar da Hansen ya gano. Dokokin nan na tsarkin sujada ne a Isra'ila, ba hukunci ba ne a kan maƙwabcinka. Gaskiya ne an buga Maryamu 'yar'uwar Musa da Gehazi da sarki Uzziya da cutar fata saboda laifi, kuma wani zai tayar da wannan. Amsar tana Yahaya sura 9, inda almajirai suka tambaya ko zunubin wa ya sa aka haifi mutum makaho, Yesu ya ce ba nasa ba ne, ba kuwa na iyayensa ba.

Nassin da na fi so a wannan rana shi ne Markus 1:40-45, inda wani mai cutar ya zo ya roƙi Yesu ya warkar da shi in ya yarda. Mutumin bai yi shakkar ikon Yesu ba, yardarsa ya yi shakka, domin duniya ta koya masa cewa ba a son sa. Yesu kuwa yana iya warkarwa da magana daga nesa, ya yi haka ga bawan wani jarumin sojan Roma. Amma a nan sai ya miƙa hannu ya taɓa shi, tun cutar tana jikinsa. Bayan haka ya aike shi wurin firist, domin firist ne ke da ikon shaida cewa mutum ya koma cikin jama'a. Warkar da fata ba ta ishi Yesu ba sai mutumin ya koma gida, ya koma kasuwa, ya koma sujada. Yau magani yana yin kashin farko kyauta. Kashi na biyu, wato taɓawa da maidowa, shi aka bar mana.

Ga makarantar Lahadi, labarin Na'aman a 2 Sarakuna 5 ya dace, amma a sa ido a kan yarinyar nan baiwa wadda ta san inda magani yake ta kuma faɗa. Yara za su gane cewa su ma suna iya zama ita. Matasa kuma a ba su 2 Sarakuna 7, inda mutum huɗu masu cutar da aka bari a bakin ƙofar Samariya suka zama masu kawo albishir ga birnin da yunwa ta kama. Ana iya ba mawaƙa labarin Ikoli Harcourt Whyte, wanda ya yi jinya a Uzuakoli a ƙasar Ibo, ya kafa ƙungiyar mawaƙa ta masu jinya, waƙoƙinsa na sujada kuma har yau ana rera su a majami'un Kudu. Katolika sun san Fada Damien, wanda ya je tsibirin Molokai a 1873 ya zauna da waɗanda aka keɓe har ya rasu a cikinsu a 1889.

In akwai wanda ya warke kuma shi da kansa yana so ya yi magana, a ba shi wuri, maganarsa ta fi ta kowa. In ba ya so, kada a matsa, kada kuma a nuna shi da yatsa daga bagade. Ya fi kyau a ba shi karatun nassi ko ɗaukar baiko, aikin da kowane ɗan ikilisiya ke yi.

Mataki na biyar: addu'a

Addu'ar "Allah ka taimaki marasa lafiya" ba laifi ba ce, amma wanda ya san ciwo yakan roƙa da suna. A raba roƙe-roƙen ga mutane dabam-dabam, ko a bi su ɗaya-ɗaya a addu'ar safe cikin makon da ke gaban ranar. A roƙa domin wanda ya ga tabo yana tsoron faɗa. Domin matan da aka saka saboda cutar, da 'yan matan da aka fasa aurensu. Domin masu shan magani su jure har ƙarshe. Domin ma'aikatan da ke wanke gyambo kowace safiya, da isowar magani a kan lokaci. Domin waɗanda rikici ya raba da garuruwansu a tsakiyar jinya. A kuma yi tuba, domin mu ma muna da laifi. Ga misalin da za a iya bi ko a sauya:

"Ya Ubangiji Yesu, kai da ka miƙa hannu ka taɓa wanda kowa ya guje wa, ka gafarta mana inda muka janye namu hannun. Ka ba mai ɓoye tabo ƙarfin hali ya fito tun da wuri. Ka sa albarka a kan maganin da masu bayar da shi. Ka tsare idanu da hannaye da ƙafafun waɗanda ba sa jin zafi. Ka buɗe gidajenmu da teburinka ga 'yan'uwanmu, har kowa ya zauna a inda ya ga dama cikin gidanka. Amin."

Dole in faɗi wannan a fili: kada wani ya ce wa mai shan magani ya ajiye shi don nuna bangaskiya. Wanda ya yanke magani a tsakiya cutar na iya dawo masa, jijiyar da ta mutu kuwa ba ta dawowa. A ɗora masa hannu a yi addu'a, sannan a tambaye shi ko ya sha na yau.

Mataki na shida: a koya wa jama'a alamomin

Bayan wa'azi, jami'in lafiya ya tashi ya faɗi alamomin da Hausa mai sauƙi. Tabo a fata wanda ya fi sauran jiki haske ko ya yi ja-ja, ba ya ƙaiƙayi, ba ya zafi, ba ya gumi, gashin wurin yakan zube, kuma in an taɓa ba a ji sosai. Mutuwar hannu ko ƙafa, ko jin kamar tururuwa na tafiya a ciki. Ƙuna ko ciwon da mutum bai san lokacin da ya same shi ba. Kasa riƙe allura ko maɓalli, silifa na zamewa daga ƙafa ba a sani ba, ido ya ƙi rufuwa sosai, gira ta zube, kunne ya yi kauri ko ƙuraje. Makero da ƙyasbi sukan yi kama da ita, amma su akwai ji a wurin, sau da yawa da ƙaiƙayi.

Gwajin auduga kowa na iya koya. A murza auduga ta yi tsini, a taɓa lafiyayyar fata mutum yana kallo, ya nuna wurin da yatsa. Sai ya rufe ido, a riƙa taɓa lafiyayyen wuri da tsakiyar tabon bi da bi. In ba ya jin na tabon, a je asibiti cikin makon. Ko yana ji ma, in tabon ya daɗe bai tafi ba a je, domin akwai nau'in da ba ya kashe ji da wuri. Ma'aikacin lafiya ne kaɗai zai yanke hukunci.

In jami'in ya yarda ya duba mutane a ranar, a ware ɗaki mai haske da labule, mata su sami mace. A kira shi duba fata kyauta, domin kowa ya shiga, mai makero da mai ƙazuwa da mai ƙyasbi, ba wanda zai san abin da ya kai wani. Abin da aka gani a ɗakin ya tsaya a ɗakin. Ba a kai shi taron addu'a da suna, ko matar fasto ba a gaya wa sai da yardar mai shi.

Baikon ranar a ƙirga shi a gaban shaidu, a rubuta, a kuma faɗa wa jama'a abin da za a yi da shi bisa ga abin da kuka ji a ziyara.

Mataki na bakwai: watanni goma sha ɗaya da suka rage

Duk wanda aka gano, in ya amince, a haɗa shi da mutum ɗaya amintacce, mace da mace, namiji da namiji. Aikin abokin tafiyar nan shi ne ya tuna masa ranar karɓar magani, domin sau ɗaya a wata ake zuwa a sha na gaban ma'aikaci a karɓo na kwana 28, ya kuma tabbata akwai kuɗin mota. Rashin kuɗin mota yana yanke jinya fiye da yadda ake zato. Ya kwantar masa da hankali cewa jan fitsari bayan maganin wata ba jini ba ne, duhun da fata ke yi kuma zai washe bayan an gama. Mai ciki da mai shayarwa suna shan maganin. Amma in tabo ya kumbura ya yi ja, jijiya ta yi zafi a gwiwar hannu ko bayan gwiwa, ƙuraje masu zafi suka fito da zazzaɓi, ido ya yi ja, ko hannu ya yi rauni farat ɗaya, a tafi asibiti a ranar, kada a jira ranar wata. Akwai maganin da ke ceton jijiya in an yi sauri. In kuma ido ya yi rawaya ko fata ta fara saɓulewa da zazzaɓi, a dakatar da sha a garzaya. Mutanen gidansa su ma a duba su, a tambayi jami'in ko ana ba da rifampicin na sha ɗaya domin rigakafi a yankin, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da hakan tun 2018.

Ga waɗanda suka riga suka rasa ji, kula da kai na kullum shi ne rayuwa, kuma Zumuntar Mata na iya riƙe wannan da kyau. Janairu tsakiyar hunturu ne, lokacin faso, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kowace rana a jiƙa hannu da ƙafa a ruwa mai tsabta wanda ba mai zafi ba kamar minti 20 zuwa 30, a goge kaushi a hankali da dutsen goge ƙafa, a shafa Vaseline ko man kaɗanya tun fatar tana da danshi. A duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, a zazzage takalmi kafin a sa. In an ga ja ko ƙwarzane, a huta da ƙafar, hutu ne babban maganin gyambo. A naɗe ƙotar fartanya da tsumma mai laushi, a sauke tukunya da ƙyalle mai kauri, kada a zauna dab da wuta don jin ɗumi. Mai idon da ba ya rufuwa ya sa tabarau da rana, ya rufe idon da ƙyalle mai tsabta da dare. Daro, sabulu, mai, madubi da takalmi mai taushin ciki ba su da tsada, kuma sun fi atamfa amfani. In mutum biyar ko shida suna haɗuwa mako-mako suna duba ƙafafun juna, a ba su inuwar majami'a da ruwa.

Sai sana'a. Karin maganarmu da ke cewa kuturu da kuɗinsa alkaki sai na ƙasan kwano, duk da kalmar da ke cikinta, ta gane cewa abin hannu yana sauya yadda ake kallon mutum. Bara ba zaɓi ba ne ga yawancinsu, ƙofofi ne aka rufe. Akuya biyu, injin markaɗe, jarin gawayi ko kuɗin makarantar jika suna iya fitar da gida daga bakin titi. A zaɓi sana'ar da ba za ta ji wa hannu ciwo ba. Sannan mu saya. Jarin ƙuli-ƙuli ba shi da amfani in matan ikilisiyar da suka bayar da shi ba za su ci ba.

Dattawa kuma su shirya tun yanzu domin ranar da iyaye za su zo su ce a fasa aure saboda an sami cutar a dangin yarinya ko yaro. Su zauna da iyayen, su kira ma'aikacin lafiya ya yi bayani, su tsaya a kan cewa ba gado ba ce. Haka in miji ya so korar matarsa, ko makaranta ta mayar da yaro gida. A ranar Jibin Ubangiji, mai rabo ya lura da wanda yatsunsa ba sa iya ɗaukar ƙaramin ƙoƙo, ya riƙe masa cikin natsuwa, a layi ɗaya da kowa.

A sa wa kwamiti ranar zama sau ɗaya a wata uku, da littafi guda wanda ba a rubuta sunan kowa a ciki sai lamba: mutum nawa aka tura asibiti, nawa suka fara magani, nawa suka gama, takalma nawa aka saya, nawa ya rage a asusu. Kafin damina a sake kai ziyara, domin lokacin noma ne hannaye da ƙafafu suka fi samun rauni, kuma lokacin ne hanya ke yankewa tsakanin ƙauye da asibiti. A tambayi jami'in ko zai iya ba waɗanda ke nesa maganin fiye da wata ɗaya kafin ruwa ya sauka.